Dole Ne Ya Tashi?

Ɗan ƙanwata ya cinye damina guda yana ƙera jirgin sama a zauren gidansu a Talata Mafara. Ba jirgin da mutum zai shiga ba ne, amma kuma ya wuce abin wasan yara, don faɗin fukafukansa ya fi tsawona. Injin da ya ɗaura masa na zarton yankan itace ne, gwanjo, irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Wannan inji gaggawa gare shi, yakan haura juyi dubu goma a minti ɗaya, babbar farfela kuwa ba ta son a kora ta haka. Sai yaron ya sa ƙaramin fuli a bakin inji, babba a gindin farfela, ya haɗa su da bel, yadda sai inji ya juya sau biyu kafin farfela ta juya sau ɗaya. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya ga wannan dabara, ko bai lura ba.

Ranar da na je na tarar da shi gumi sharkaf, yana ta bugun farfela da hannu, inji ko tari bai yi ba. Ya ɗago ya ce, "Kawu, abu uku yake so: mai, iska, wuta. Duka na ba shi. Ai dole ya tashi."

Na tashi in ce masa ya ce in Allah ya so, sai na haɗiye maganar. Na ga idan na faɗa a lokacin, zai ɗauka ina nufin ya daina bincike. Amma kalmar "dole" ta bi ni har gida.

Ni a gindin injin niƙa na yi wayo, a Bakura, wurin Baffana, Allah ya jiƙansa. Injin gas ne mai silinda ɗaya, da ƙatuwar ƙafa ta ƙarfe wadda yaro ba ya iya motsa ta. Tayar da shi da sanyin asuba, a tsakiyar hunturu, aiki ne na manya. Baffa yakan fara zare bel, don kada inji ya farka da kaya a kansa. Ya ɗaga ɗan ƙarfen da ke sakin iska, ya zura hannun tayar da inji, ya yi ta juyawa har ƙafar ta ɗauki gudu, sannan ya saki ƙarfen. Idan an yi sa'a ka ji tuf, tuf, tuf, baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Ya hana ni naɗe babban yatsa a jikin hannun, domin in inji ya yi tutsu ya dawo baya, yatsan ne zai biya. Bai taɓa kama hannun nan bai yi bisimilla ba. Bai kuma taɓa yarda cewa inji ya ƙi tashi haka kawai ba. "Yaro, inji ba ya ƙarya," in ji shi. "In ya ƙiya, da abin da ya hana shi. Nemo shi." Ina yaro na ɗauka maganganun biyu ba sa zama a baki ɗaya. In akwai dalili a kowace ƙiya, to bisimillar ta mece ce?

Sai da aka kai ni karatu Maradun na ji an ba abin suna. Malaminmu yana biya mana Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, littafin da kusan kowane zaure a ƙasar Hausa ya san shi. A nan aka raba mana hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Na hankali shi ne wanda kishiyarsa ba ta ma shiga kai, kamar a ce rabin goro ya fi goron duka girma. Na al'ada kuwa shi ne haɗa abu da abu saboda an saba ganin suna tafiya tare: wuta da ƙuna, wuƙa da yanka, tuwo da ƙoshi. Suna tafiya tare, amma ba ɗayan ne ke halittar ɗayan ba, kuma rabuwarsu ba gagarau ba ce, tunda wuta ba ta ƙona Annabi Ibrahim ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ya yi fice da wannan magana, da misalinsa na auduga da wuta. Abin da ido ya gani, a wurinsa, shi ne auduga ta ƙone lokacin da wuta ta taɓa ta. Cewa wutar ce ta aikata ƙunar da ƙarfin kanta, wannan ido bai gani ba, zuciya ce ta ƙara.

Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani mai zafi. A ganinsa, wanda ya musanta sabubba ya rushe ilimi gaba ɗaya, domin sanin abu shi ne sanin dalilinsa. Ba zan ɓoye ba, a rumfar niƙa Ibnu Rushdi na da gaskiya mai yawa. Shekaruna sun haura hamsin, na tayar da injin niƙa, na tayar da injin ban-ruwa a fadama har igiyarsa ta yi mini kanta a tafin hannu, kuma ban taɓa ganin injin da ya ƙi tashi aka rasa dalili ba. Ko fulogi ya jiƙe, ko datti ya toshe kafireta, ko an sayar maka da fetur mai ruwa, ko kai ne ka manta ba ka buɗe mai ba, kana ta zagin inji. Al'adar nan ba ta taɓa saɓawa a gabana ba, ko sau ɗaya.

To, duk da haka ban ga "dole" ɗin ba. Na kwance inji har ƙusa ta ƙarshe, na ga fistin, na ga zobba, na ga inda wuta ke tsalle a bakin fulogi. Ban ga wurin da aka ajiye tabbacin cewa gobe ma fetur zai kama ba. Makanike ya san yadda abu ya saba yi, saninsa kuma na gaske ne, da shi yake ci da iyali. Amma sabon da kansa ba shi ya kafa shi ba, tarar da shi ya yi. Ina ganin nan ne bisimillar Baffa take zaune. Ba roƙo yake yi a tayar masa da inji mai toshasshen bututu ba. Ya riga ya wanke bututun. Yana ambaton wanda ya sa wanke bututu yake amfani ne, jiya da yau.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka juya wannan karatu ya zama bargon rufe sakaci. Mu mutanen wannan yanki mun san haka fiye da kowa, don a gabanmu aka yi. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, a kan gulbin Sakkwato kusa da Maradun, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, mutane dubbai suka tashi. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara. Manoma suka tsare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sanda, rayuka suka salwanta. Daga baya ɓangaren aikin da ya dogara da famfunan feshi ya tsaya, hanyoyin ruwa suka cika da yashi da ciyawa. A duk waɗannan matakai na ji dattawa suna cewa ƙaddara ce. Ban musa ba, babu abin da ke fita daga ƙaddara. Sai dai a cikin ƙaddarar akwai wanda ya auna ƙasa, da wanda ya rubuta sunayen masu diyya, da wanda aka ba kuɗin gyaran famfo. Malaman da suka koya mana cewa wuta ba ta ƙuna da kanta, su ne kuma suka koya mana cewa wanda ya cinna wa rumbun wani wuta zai biya. Mun riƙe rabin farko, mun bar na biyu a zaure.

Washegari na koma Mafara. Na ce wa yaron ya bar farfela ya saurare ni. Dabarar da ta rage wa farfela gudu ita ce ta juyo kansa: daga ɓangaren farfela, kowane bugu sai ya juya inji ninki biyu, saboda haka nauyin matsewar iska ma ninki biyu yake ji a hannu. Da fistin ya zo wurin tauri sai bel ya zame, inji bai sami saurin da zai ba da wuta mai kyau ba. Wutar da ya gani a fulogi, ya gan ta ne da fulogin a waje, lokacin da babu abin da ke tare fistin. Ga shi kuma ya cire igiyar zarton tun farko, wai don jirgi ya yi sauƙi. Muka nemo ta a cikin tarkace, muka mayar. Muka ɗaure wutsiyar jirgin a jikin turmi, na sa ƙannensa suka koma bayan ƙofa, don farfela ba ta san ɗan gida ba. Ya cire fulogi ya goge, ya ja cok.

Ya kama igiya, ya dube ni yana murmushi. "Yanzu dai dole, ko Kawu?"

Na ce, "Ja mu gani."

Na ji ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa. A ja na huɗu inji ya kama da wata irin ƙara, kaji suka watse, ƙura ta cika zauren, uwarsa ta fito da muciya a hannu tana salati. Bai yi minti ɗaya ba bel ya yi tsalle ya faɗa cikin kwatami. Fulin biyu ba su daidaita ba, na sama ya karkace kaɗan. Jirgin na nan a zaure har yanzu, an rufe shi da buhu, yana jiran wani maƙeri da ya yi alkawarin gyara fulin ranar kasuwa.