Asirin Wa Muke Rufawa?

Da wuya a sami addu'ar da ta fi yawo a bakin Bahaushe kamar "Allah ya rufa asiri." Da ita muke sallamar baƙo, da ita muke gode wa wanda ya yi mana alheri, kuma idan aka ce wane yana da rufin asiri, to an gama yabonsa ke nan. Mu da muka tashi a ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, da 'yan'uwanmu na Babura can bakin iyakar Nijar, da wannan kalma aka yi mana tarbiyya. Ba mu kuma raina ta ba, domin ita ce ta hana a kunyata wanda bashi ya ci, ita ce ta sa ake kai wa maƙwabci tuwo bayan isha don kada a gane bai ɗora tukunya ba. Sai dai akwai wani wuri guda da wannan kyakkyawar ɗabi'a take juyewa ta zama wuƙa, kuma a kan wannan wurin muke son mu tattauna da 'yan'uwa marubuta.

Kowa a cikinmu ya san yadda abin yake tafiya, ko da bai faru a gidansu ba. Yarinya 'yar shekara tara ko goma ta dawo daga tallar gyaɗa ko awara, tafiyarta ta sake, ta daina wasa, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da barinsa. Uwa ta matsa mata, da ƙyar ta faɗi sunan wanda ya yi. Sau da yawa ba baƙo ba ne. Mai shagon bakin layi ne, ko maƙwabci, ko ma wanda ake cin tuwo kwano ɗaya da shi. Kafin gari ya waye magana ta isa zaure, an tara dattawa. Sai ka ji ana ce wa uban, "Malam, ka yi haƙuri, ƙaddara ce. A rufa wa juna asiri. In maganar nan ta fita, wa zai aure ta?" A ba da 'yan kuɗin magani, a shafa fatiha, a watse. Mutumin ya koma shagonsa, yara na ci gaba da zuwa sayen alawa. Yarinyar kuwa, da ba a ko kira ta zauren ba, an cire ta daga makaranta ko an tura ta ƙauye wurin kakarta.

To, jama'a, a wannan zama asirin wa aka rufa?

Kada wani ya ce abin ba shi da yawa. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da tallafin UNICEF, ta gudanar da bincike a faɗin Nijeriya, inda ta gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun gamu da wani nau'i na cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma ƙalilan ne ƙwarai daga cikinsu suka sami wani taimako. A lura da maganar yara maza. Mu a nan mukan yi kamar abin na mata ne kaɗai, alhali yaron da ake aike, da almajirin da ke kwana a soron da ba na gidansu ba, su ma suna cikin haɗari, kuma bakinsu ya fi na 'yan mata nauyi. A tsakiyar 2020 ne 'yan sanda suka kama maza 11 a Dutse bisa zargin yi wa yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe, labarin da ya girgiza ƙasar nan. Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne adadin. Mutum goma sha ɗaya ba sa yin abu a unguwa a ce babu idon da ya gani, babu kunnen da ya ji ƙishin-ƙishin.

Masu kare sulhun zaure suna da hujjoji, kuma bai kamata mu yi watsi da su ba tare da saurare ba. Ta farko ita ce addini ya kwaɗaitar da suturta Musulmi. Gaskiya ne. Amma malamai ba su bar zancen a buɗe ba. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa suturar da ake so ta wanda ba a san shi da cutar da mutane ba ce, a kan laifin da ya riga ya wuce. Wanda kuwa aka sani da ɓarna, kai ƙararsa ga hukuma shi ne ya fi, domin rufa masa asiri ƙara masa ƙarfin gwiwa ne. Ban da haka, akwai bambanci tsakanin laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa da wanda ya shafi haƙƙin wani. Haƙƙin nan na yarinyar ne. Ba na mai unguwa ba ne balle ya yafe, ba kuma na dattawan da suka shafa fatiha ba ne. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wadda aka tilasta babu hukunci a kanta, nauyin duka yana wuyan wanda ya tilasta ta. Mu ne muka juya lamarin, muka ɗora wa wadda shari'a ta wanke kunyar da ba tata ba.

Hujja ta biyu ta fi wuyar amsawa, domin ita tsoro ce ta gaskiya. Uban da ya yi shiru ba lallai ne mugu ba ne. Ya san garinsu. Ya san cewa shekara goma nan gaba, ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa, wata za ta je ta raɗa wa dangin mijin. Don haka shirunsa, a ganinsa, kariya ce. Amma mu tambayi kanmu, wane ne wannan "gari" da ake tsoro? Mu ne. Bakinmu ne. Mu ne muke cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, a kan yarinyar da ba ta ma san ma'anar abin da aka yi mata ba. Uban yana ɓoye 'yarsa ne daga gare mu, sa'an nan mu juyo mu ce ai shi ne bai kai ƙara ba.

Ta fuskar doka an yi ƙoƙari. Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, da dokar hana cin zarafin jama'a a 2015. A watan Yuni na 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafi ta Jigawa, daga baya a ƙarshen shekarar ya sa hannu a kan dokar kare yara, kuma Kwamishinan Shari'a na lokacin, Musa Adamu Aliyu, ya sanar da cewa hukuncin kisa ne a kan wanda aka samu da laifin yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 10 fyaɗe. Mutane da yawa sun yi murna, mu ma ba mu ga laifinsu ba. Amma a nan akwai abin dubawa. Idan wanda ya aikata ƙanen uba ne ko ɗan wa, tsananin hukuncin kan iya ƙara wa dangi dalilin yin shiru, domin babu mai son a ce shi ya kai jininsa ga igiya. Doka tana jiran wanda zai zo gabanta ne, ba ta shiga zaure. Wannan ba hujjar sassauta ta ba ce, nuni ne cewa aikin da ya rage ba na alƙali ba ne.

Sa'an nan akwai abin da zaman sulhu yake cinyewa wanda ba ya dawowa, wato lokaci. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau bayan irin wannan ta'asa sai an fara shan sa cikin awa 72, kwana uku ke nan, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Shaidar da likita zai gani a jiki da tufafi ita ma gushewa take yi, musamman in an yi wanka an wanke kaya, abin da kowace uwa take fara yi saboda tausayi. An buɗe cibiya ta musamman don karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe a babban asibitin Dutse, akwai kuma cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano. Amma mutumin Gwiwa ko Roni ya san nisan da ke tsakaninsa da Dutse da abin da mota za ta ci. Saboda haka asibiti mafi kusa, na Kazaure ne ko na Babura, shi ne wurin fara zuwa, tun kafin a nemi dattijo ko ɗaya. Kwana ukun da ake ɓatawa ana kai gwauro ana kai mari a kan nawa za a biya, su ne kwana ukun da lafiyar yarinyar ta rataya a kansu.

Yanzu mu dawo kanmu, mu masu alƙalami. Mu duba kalmomin da muke rubutawa. Mukan ce "an lalata ta", ko "an ɓata ta", kamar dai madarar da ta tsinke. Wanda ya aikata ya ɓace a cikin "an", lalacewar kuma ta zauna a kan yarinyar. Alhali wanda ya lalace shi ne ƙaton da ya yi. Me zai hana mu rubuta cewa wane ya cuce ta, ya zalunce ta? Haka nan a labaranmu, sau nawa muka kawo irin wannan yarinya don kawai mu sa mai karatu kuka, sa'an nan mu kashe ta a babi na gaba, ko mu haukatar da ita, ko mu kai ta gidan karuwai? Wadda abin ya taɓa faruwa da ita tana cikin masu karanta mu, ta ari littafin a wurin ƙawarta, kuma abin da muke gaya mata shi ne rayuwarta ta ƙare. Tun a 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta nuna a cikin Wa Zai Auri Jahila? cewa ana iya ɗaukar yarinyar da aka zalunta a bi ta har ta yi karatu ta tsaya da ƙafarta, kuma littafin bai rasa masu saye ba.

Ba muna cewa a tona asirin yara ba ne. Sunanta da hotonta da unguwarsu, waɗannan su ne asirin da ya wajaba a rufa, a jarida ne ko a Facebook, inda wasu ke yaɗa fuskar yarinya da sunan neman mata haƙƙi. Abin da muke so mu gani a rubuce shi ne uwar da 'yarta ta gaya mata, ba ta kai mata mari ba, ba ta ce me ya kai ki ba, sai ta jawo ta jiki ta ce, "Na yarda da ke, 'yata, ba laifinki ba ne," ta ɗauki mayafinta suka nufi asibiti. Muna so mu ga mai unguwar da ya ce wannan ta fi ƙarfin zaurensa. Irin waɗannan mutane suna nan a Kazaure da Babura, wasunmu sun san su, ba mu dai sa su a littafi ba tukuna.