Waƙa a bakin mai ita



Duk wanda ke zama a kasuwar Kafanchan ya san abin nan. Ana saka waƙa a waya ko a lasifikar mai shago, sai wani ya gyara zama ya ce, "Kun san da wa yake? Ai da su wane yake." Mawaƙin dai bai kama sunan kowa ba. To in rigima ta tashi, alhakin wa? Na wanda ya rera, ko na wanda ya fassara?

Mu duba waƙar Karen Mota ta marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Wanda ya tsaya a kan sunan kawai zai ɗauka zagi ne, tunda an ambaci kare. Amma wanda ya saurara har ƙarshe zai gane yaran mota yake ɗagawa, masu kiran fasinja da canza taya da tura mota in ta mace. Kalma ɗaya ba ta isa a yanke wa waƙa hukunci ba.

Ba mu ce mawaƙi ba ya da laifi ba. Zambo da habaici tsofaffin makamai ne, kuma wanda ya yi niyyar cin mutunci zai amsa a gaban Allah. Sai dai habaici ba ya zuwa da suna. Wanda ya liƙa masa suna ya ƙarasa aikin, ya zama abokin tarayya.

A garin nan abin ya fi nauyi. Maƙwabtanmu Bajju da Kagoro da Kataf da Jaba duk suna jin Hausa, da ita muke ciniki, da ita da yawansu suke waƙa a coci. Abin da muka fassara a bakin shago, kunnensu na ji. Rikicin Maris 1987 daga magana ya faro a Kwalejin Ilimi, ya kai har Kaduna da Zariya da Katsina. A 2011 kuma mun ga yadda kasuwa ta ƙone.

Suratul Hujurat ta gargaɗe mu game da yawan zato. Don haka in waƙa na ɗaukar ma'ana biyu, mu ɗauki mai kyau. In yaranmu sun tambaye mu, mu faɗa musu abin da mawaƙi ya ce, kar mu ƙara da abin da ke ranmu. Wadda kuwa zaginta a fili yake, a kashe ta kawai.

Allah ya kiyaye harsunanmu, ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci