Ko Ya Halatta Ɗalibi Ya Yi Wa Malaminsa Dariya?

Jama'a, tambayar da nake so mu duba a wannan ɗan rubutu tsohuwa ce, ko da yake sabon abu ne ya tayar mini da ita. A 'yan shekarun nan ɗalibai da dama a nan Samaru sun kamu da kallon katun ɗin ƙasar Japan a wayoyinsu, musamman irin na barkwanci da ake yi kan zaman makaranta. Da yawa cikin sassan da aka fi yabawa kuwa, malami ne abin dariya a cikinsu. To, mu da muka tashi a kan cewa malami uba ne, ko ya dace mu riƙa ƙyaƙyata dariya ana wasa da shi? Ra'ayina shi ne dariya iri biyu ce, kuma tilas a rarrabe su kafin a yanke hukunci.

Bari in kawo misali biyu domin wanda bai taɓa kallo ba. Na farko daga wani shiri ne mai suna Nichijou, wato rayuwar yau da kullum, wanda kamfanin Kyoto Animation ya fitar a 2011 cikin kashi 26. A kashi na 6 an kori wata ɗaliba mai suna Yuko daga aji, aka ce ta tsaya a waje. Tana tsaye sai ta hangi shugaban makarantar, dattijo mai sanƙo, ya yi arba da wata barewa da ta shigo harabar makaranta. Barewa ta yi ta tunkuyinsa yana faɗuwa yana tashi, har dai ya sure ta ya kayar kamar ɗan kokawa. Yarinyar ta faɗa aji a guje don ta ba da labari, amma da ta ga ba mai yarda da ita, sai ta haɗiye maganar. Na biyu daga Azumanga Daioh ne, wanda Kiyohiko Azuma ya ƙaga, aka mayar da shi katun a 2002. Tun a kashin farko malamar Turanci, Yukari, ta makara, kekenta kuma ya lalace a hanya. Wani ɗalibi ya tsaya zai gyara mata, ita kuwa ta haye kekensa ta yi gaba, ta bar shi tsugune.

Wanda ya lura zai ga ba girman malanta aka taɓa a nan ba. Dattijon da ya yi kokawa da barewa bai zubar da komai ba, hasali ma mai kallo kan ƙare da jin ƙaunarsa, domin ya ga mutum a cikin rigar shugaba. Ita kuwa Yukari, aikin da ta yi ake yi wa dariya, kuma aikin laifi ne ko a wace ƙasa. Da ɗalibi ne ya yi shi, da an hore shi. Tun da babba ce ta yi, ba wanda ya isa ya hore ta, sai dariya ta tsaya a matsayin bulala.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi azumi a Basawa ko Sabon Gari ya san in Ramadan ya kwana goma yara kan fito tashe da dare. Cikin wasanninsu akwai wanda ake kira Ka Yi Rawa: yaro zai sa babbar riga da rawani da gemun auduga, ya rungumi allo, sauran su tuhume shi da yin rawa, yana musantawa, daga baya a ga ƙafa ta kama aiki. A ƙofar gidajen malamai ake yin wannan wasa, su yi murmushi, har su ba da sadaka. Me ya sa ba su fusata? Domin sun san ba ilmi ake yi wa ba'a ba, fuska biyu ake tonawa, wato mutum ya hana abu a fili ya aikata shi a ɓoye. Malamin kirki ba ya ganin kansa a cikin wannan yaro, wanda kuwa ya ga kansa ya sami wa'azi a araha. Shi ya sa Hausawa ke cewa babba juji ne.

Amma fa akwai masu cewa yawan wasa shi ke kawo raini, kuma ba za a yi watsi da maganarsu ba. Ɗalibin da ya saba kwaikwayon muryar malami a ɗakin kwana yana iya shiga aji da sauran dariyar a bakinsa, ilmi kuwa ba ya shiga zuciyar da ta raina mai ba da shi. Daɗin daɗawa, aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ba ta kuwa ware ɗalibai ba. Amsata ita ce, kakanninmu sun san wannan haɗari, shi ya sa suka yi wa wasa shinge. Tashe yana da lokacinsa, in salla ta zo an naɗe rawanin. Wasan jika da kaka, da na Bakano da Bazazzagi, da na Bafulatani da Babarbare, kowanne yana da waɗanda aka yarda su yi shi, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Su ma mutanen katun zane ne, ba su da 'ya'yan da za a nuna da yatsa a kasuwa.

A nan ne nake ganin zamaninmu ya kauce. Yau malami zai yi tuntuɓen harshe a lacca, wani ya ɗauke shi a waya ya watsa a Facebook ko TikTok. Wannan wasa ba shi da daren ƙarewa, wanda aka yi da shi ba ya nan balle ya rama, kuma ba wani laifi aka gyara. Mafi muni shi ne in dariyar ta gangaro ƙasa: sabon ɗalibi daga ƙauye ya yi Turanci da karin harshensu, ko mai i'ina ya tashi amsa tambaya, aji ya ɗauka. Malami yana da albashi da muƙami da zai jingina da su, wannan yaro kuwa ba shi da komai sai mutuncinsa, kuma mutunci madara ne. Sau da yawa daga ranar ba ya sake ɗaga hannu har ya gama jami'a. Ko tashen namu ma bai tsira gaba ɗaya ba, domin wanda ake yi wa gwauraye wani lokaci kan faɗa kan mutumin da talauci ne ya hana shi aure.

Saboda haka, kafin mu saki dariya, ina ganin tambayoyi uku sun ishe mu awo. Abin da mutumin ya aikata muke yi wa dariya, ko yadda Allah ya halicce shi? Yana da ƙarfin ɗaukar wasan, ko mun fi shi ƙarfi ne? Da zai shigo yanzu, zai iya zama a cikinmu a yi dariyar tare da shi? In amsa ta yi kyau, to raha ce, kuma makarantar da ba a raha a cikinta gidan yari ce. In ba ta yi ba, izgili ne, ko da kowa ya tafa.

Ina roƙon malamanmu su ma su duba nasu ɓangaren, domin malamin da ke mayar da ɗalibi abin dariya a gaban aji shi ne ya fara koya wa ajin izgili. Allah ya sa mu gyara, amin.