Ƙetare Iyaka Domin Aikin Sa Kai: Shin Na Gida Bai Fi Cancanta Ba?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, dubun dubatar mutane sun gudu daga Darfur zuwa garin Adire na gabashin Cadi, akasarinsu mata da yara. A ce wani matashinmu ma'aikacin jinya ya yi niyyar zuwa can aikin sa kai. Nan take za a ce masa: "Marasa lafiya sun ƙare ne a Maraɗi, da za ka tsallake su ka tafi wata ƙasa?" Wannan tambaya ba ta rainawa ba ce, ta cancanci amsa.

Da farko, mai tambayar yana da gaskiya ta wata fuska. Haƙƙin na kusa yana gaba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya mayar da wani mutum da ya nemi fita jihadi, ya umurce shi da hidimar mahaifansa. Kula da iyaye da ciyar da iyali wajibi ne a kan mutum shi kansa, alhali agaza wa na nesa farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya mata ta sauka daga kan saura. Wanda ya bar tsohuwa ba mai ɗebo mata ruwa, ya tafi shayar da wasu, ya juya al'amari.

Sai dai kusanci ba shi kaɗai ne ma'auni ba, akwai kuma tsananin buƙata. Talakan da ke ɗakinsa da wanda aka ƙone gidansa, ya kwana a fili, ba ɗaya suke ba. In kowa ya ce sai ya gama da na gida, to farillar kifaya ba ta da mai ɗauka, zunubi kuma ya hau kan kowa. Mu tuna Mus'abu ɗan Umairu ya bar Makka ya tafi Madina karantarwa tun kafin hijira. Mu kuma tuna kakanninmu da suka bi wannan hanya da ƙafa zuwa aikin hajji: mutanen Darfur da na bakin Nilu ne suka sauke su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru a Sudan suka sami masauki, har suka kafa garin Mai Wurno. Ashe akwai bashin alheri a kanmu.

Ita kanta hanyar makaranta ce. Wanda ya bi ta ƙasa daga Maraɗi zai wuce Ɗan Isa da Jibiya, ya ratsa Kano da Maiduguri, ya ƙetara Gamboru zuwa Kamaru, daga Kuseri ya haye gada ya shiga Injamena, sa'an nan ya nufi Abeshe. Ƙasa huɗu ke nan. A kowace iyaka sai ya tsaya layi da fasfo da katin rigakafin shawara. Sefar aljihunsa ma sai ya canza ta, domin ta Cadi dabam ce. Baƙo makahon gari ne: wanda ya fito da tunanin shi ne mai bayarwa, sai ga shi yana roƙon a nuna masa masauki, cikin Larabcin da bai iya ba. In ya hankalta, zai isa wurin ƴan gudun hijira yana mai sanin ɗacin baƙunci, ya yi musu hidima ba tare da gori ba.

Saboda haka, kafin ka ɗaura kaya, ɗan'uwa, tambayi kanka abu uku. Shin iyayenka sun yarda, iyalinka kuma suna da abin ci? Shin kana da sana'ar da ake buƙata can, ko za ka zama ƙarin baki a kan ɗan abincin da ke akwai? Shin za ka tafi ko da ba wanda zai ji labari, ba kuma alawus mai tsoka? Karɓar abin guzuri ba laifi ba ne, laifin shi ne ka fita neman kuɗi ko suna ka kira shi sadaka.

Wanda ya amsa ukun nan da gaskiya, ya tafi, mu raka shi da addu'a. Wanda ya kasa, maƙwabcinsa na jiran sa.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya. Amin.