TAKARDA DA TAWADA BA SU ISA BA: Tunani Domin Ranar Sadarwa ta Duniya



Tun daga shekarar 1967, Ikilisiya Katolika ta keɓe Lahadin da ke gaban Fentikos domin yin tunani a kan hanyoyin sadarwa, bisa ga umarnin Majalisar Batikan ta Biyu na 1963. Iyayenmu na wancan zamani suna maganar rediyo ne da jarida da majigi. Mu kuwa abin da ke gabanmu ɗan ƙarami ne, yana cikin aljihunmu, wani lokaci ma yakan yi kuka ana tsakiyar Misa.

Kada mu yi butulci. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna yadda ake kai wasiƙa tashar mota a roƙi direba, kafin wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001. Yau uwa tana ƙauye tana ganin fuskar ɗanta da ke Legas. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe majami'u, ta waya da talabijin muka bi Misa, muka kuma ga Paparoma Francis ran 27 ga Maris, shi kaɗai cikin ruwan sama a dandalin Bitrus Mai Tsarki, yana roƙo domin duniya. Wannan alheri ne, mun gode wa Allah.

Amma mu tuna da yunwar da muka ji a makonnin nan. Mun ga bagadi, mun ji Bishara, duk da haka ba wanda ya karɓi Jikin Kristi ta gilashin waya. Tun 2002 Batikan ta bayyana a fili cewa babu sakramenti a intanet. Baftisma sai da ruwa a kan mutum. Shafewar marasa lafiya sai da mai da hannun firist. Mai neman gafarar zunubi kuwa ba zai same ta ta waya ba, sai ya taka ya zo. Dalilin ba boyayye ba ne: Allah bai tsaya ga aiko mana da saƙo ba, Ɗansa ya ɗauki jiki, ya ci abinci da masu zunubi, ya taɓa kuturu.

Manzo Yahaya ma, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu, ya nuna yana da sauran magana da yawa, amma bai so ya ƙarasa ta da takarda da tawada ba, ya fi son ya zo su gana. Budurwa Maryamu kuma, da ta ji labarin cikin Alisabatu, tashi ta yi da hanzari zuwa ƙasar tuddai, ta zauna wajenta kamar wata 3. Ashe kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka ce zumunta a ƙafa take.

To, mu binciki kanmu. Idan aka yi rasuwa a Ikilisiya, kafin rana ta faɗi hoton mamacin ya zaga WhatsApp, kowa ya rubuta "Allah ya ba shi hutawa ta har abada", sai ya ɗauka ya sauke nauyi. Amma gwauruwar tana zaune a tabarma, kuma saƙo ba ya ɗebo mata ruwa, ba ya riƙe mata yaro, ba ya zama kusa da ita a yi shiru tare. A gidajenmu fa? Hannu ɗaya a kwanon tuwo, ɗaya a waya. Muna ƙorafi yara sun daina addu'ar dare da Rosari, alhali a hannunmu suka fara ganin abin da ya ɗauke musu hankali.

Akwai kuma doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, saƙo ya bazu cikin dare cewa a sha ruwan gishiri a kuma yi wanka da shi. Mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, masu turawa kuwa suna ganin taimako suke yi. Mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi, muke haɗuwa a kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya, mun san abin da hoto guda na ƙarya zai iya haddasawa a unguwa kafin gari ya waye. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba ya sa hannu a ciki, ko da ba shi ya ƙirƙira ba.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙaramar majami'a, tare da Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa, su rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya waɗanda suka daɗe ba a gan su a Misa ba, su miƙa wa katekist kafin Fentikos. Za a raba sunayen, mutum biyu biyu su je gida. A yi amfani da waya a sanar da su cewa ana tafe. Da an yi sallama an shiga, sai a mayar da ita aljihu. Wanda aka tarar yana bukatar Jikin Kristi ko shafewa, a gaya wa Fada a ranar.