Ƙananan da suka yaye hazo



Ya ƴan'uwa, masana falaki sun ce shekarun sararin samaniya sun kusa miliyar 14, kuma a farkon al'amari hazon iskar haidurojin ne ya cika ko'ina, kamar hazon hunturu in ya rufe Damagaram. Daga baya hazon ya yaye. Allah ne Ya yaye shi, amma da wane sababi? An daɗe ana muhawara, wasu na zaton aikin manyan garkunan taurari ne.

A 2021 aka harba madubin hangen nesa na James Webb, yana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga ƙasa. Da shi masana suka leƙa bayan wani gungun garkuna mai suna Abell 2744, wanda nauyinsa ke lanƙwasa haske ya ƙara girman abin da ke bayansa. Suka binciki ƙananan garkuna 8 masu haihuwar sababbin taurari, tun sarari bai cika shekara miliyar guda ba. A 2024 suka bayyana cewa hasken da ke keta hazo, wanda waɗannan ƙanana ke fitarwa, ya ninka abin da ake zato sau 4, ga su kuma da yawan gaske. Ashe yawancin aikin nasu ne.

To, aikin da babu mai ganinsa, ƙarami ne? Muridi kan raina wuridinsa na asuba, ya ga in ba a ambace shi a majalisi ba, ko hotonsa bai zagaya Facebook ba, kamar bai yi komai ba. Wasu har su bari. Alhali haskensu na ƙananan nan ya yi tafiyar fiye da shekara miliyar 12 kafin idon ɗan Adam ya same shi, kuma rashin mai kallo bai rage komai daga aikinsu ba.

Sai dai misalin yana da iyaka. Tauraro ba ya da niyya, riya ba ta shigarsa. Mu kuwa muna da nafsu, ita ko ɓoyuwa tana iya mai da ita ado: mutum ya zauna sahun baya wurin zikiri, zuciyarsa tana jiran a ce wane ba ya son a san shi. Shi ya sa shehunai ba su barin muridi ya zaɓa wa kansa ɓoyuwa ko bayyana. Wani a tura shi gaba ya ja baƙi, wani a ba shi tsintsiya ya share zawiya.