Ƙasa ta Wa Ce, ta Mai Rai ko ta Mamaci?

A can kudancin Malesiya akwai wani ƙaramin tsibiri da a ke kira Singafo, wanda ya zama ƙasa mai mulkin kanta a 1965. Fāɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 740 ba, amma mutanen da ke cikinsa sun kai wajen miliyan 6. Tudun da ya fi kowane tsawo a ƙasar, watau Bukit Timah, mita 164 ne kacal, alhali kuwa benen Guoco Tower da aka gama a 2016 ya ɗara mita 280. Wanda ya hango birnin daga teku sai ya ce alfahari ne ya miƙar da waɗannan benaye. Amma wanda ya san tarihinsu ya san ƙuncin ƙasa ne ya sa mutane suka nufi sama.

Kafin 1960 yawancin talakawan tsibirin a bukkokin katako da kwano su ke zaune, a cunkushe, ba ruwan famfo, ba magudana. A watan Mayu na 1961 gobara ta tashi a unguwar Bukit Ho Swee, ta bar mutum wajen 16,000 ba wurin kwana. Hukumar gidaje da aka kafa a 1960 ta duƙufa ga gina musu benaye, kuma a 1966 aka yi dokar da ta ba gwamnati ikon karɓar fili daga hannun mai shi don amfanin jama'a. Yau kusan kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙasar a benayen wannan hukuma su ke zaune, galibinsu kuma sun sayi ɗakunan da su ke ciki, a kan wa'adin shekara 99. Wannan aiki ne da ba mai hankalin da zai raina shi.

To, amma bene ko ya kai ina, gindinsa a ƙasa ya ke, ƙasar kuwa sai an karɓe ta daga wani. An cike bakin teku da yashi har tsibirin ya ƙaru da kusan rubu'in girmansa na dā, yashin kuwa daga maƙwabta aka sayo, har Indonesiya ta hana fitar da nata a 2007, Kambodiya ma ta bi sahu a 2017. Da teku ba ta isa ba, sai aka juya ga maƙabartu. Maƙabartar Bidadari, wadda ta ƙunshi dubban kaburburan Musulmi da na Kirista, an tone ta tsakanin 2001 da 2006, yanzu benaye ne a wurin. Tun 1998 kuma doka ta ce mamaci shekara 15 kaɗai zai yi a kabarinsa. Bayan haka a kan tone, waɗanda addininsu ya yarda da ƙonewa a ƙone, Musulmi kuwa a mai da ƙasusuwansu wani kabari ƙarami.

A nan ne hankalin mutum ke rabuwa biyu. Mai goyon bayan hukuma zai ce mamaci ba ya jin sanyi, ba ya jin ruwan sama, amma jaririn da aka haifa a bukka yana ji. Zai ce zalunci ne a bar mai rai yana kwana a lungu don a kiyaye wa ƙashi shimfiɗarsa, kuma da a ce za a tambayi kakannin nan da ke kwance, da yawansu za su matsa wa jikokinsu da kansu. Wannan magana tana da nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, kuma bai kamata wanda ke da daji a bayan gidansa ya yi saurin zargin wanda teku ta kewaye ba.

Ɗaya ɓangaren kuma zai ce kabari ba ramin ƙashi ba ne kawai. Shi ne inda ɗa ke zuwa ya tuna ubansa, ya yi masa addu'a, ya kuma tuna wa kansa makomarsa. Mamaci ba shi da bakin kare kansa, ba ya jefa ƙuri'a, ba ya kai ƙara, saboda haka yadda a ke yi da shi ne ma'aunin amanar masu rai. Birnin da ya saba ɗauke duk abin da ba ya kawo riba, wata rana zai dubi tsoho da gajiyayye da wannan idon.

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a bambanta larura da kwaɗayi. In don a ba marar gida wurin kwana aka ɗaga kabari, aka sanar da dangi, aka bi ƙa'idar addinin mamacin, aka mai da shi wani wuri da mutunci, to larura ce, larura kuwa tana da uzuri. Amma in akwai filin wasan masu kuɗi a tsaye aka tsallake shi aka faɗa wa maƙabarta don ita ce ba ta gardama, wannan ba shi da wani suna sai cin amana. Tambayar da ta wajaba kan kowane mai mulki kafin ya sa hannu ita ce, an gama duba kowace hanya tukuna, ko kuwa mai sauƙin ce kawai aka ɗauka?

Akwai kuma wani abin lura. A tsibirin nan mai rai shekara 99 aka ba shi a ɗakinsa, mamaci 15 a kabarinsa. Ashe dukansu baƙi ne, bambancinsu tsawon wa'adi kurum. Wanda ke zaune a hawa na arba'in a inda dā kaburbura su ke, shi ma wata rana za a nemi ya matsa wa wani, domin komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. In ya tuna da haka, zai so a riƙa ɗaga na ƙasa da irin ladabin da ya ke fata a yi masa.